Gida Sabo, Titi Ba Mai Shi: Yadda Cinikin Wani Gida Ya Cije a Ingila

Wani iyali daga cikin 'yan uwanmu Hausawa mazauna tsakiyar Ingila sun sa gidansu a kasuwa. Gida ne mai ɗakunan kwana uku a cikin wani sabon rukunin gidaje, sun saye shi kai tsaye daga kamfanin da ya gina shi tun ana kan aikin rufi. Maigidan masanin haɗa magunguna ne, uwargidan kuma ma'aikaciyar jinya ce a asibitin gwamnati. An ba shi aiki a wani birni can arewacin ƙasar, nisan da ba a zuwa a dawo kullum, sai tashi ya zama dole. Gidan lafiyarsa lau, garantin gini na shekara 10 da NHBC, cibiyar ba da garanti ga sababbin gidaje, ke bayarwa ko rabi bai kai ba, dillalin gidaje ma ya ce ba zai yi wata guda a kasuwa ba. Hakan kuwa aka yi. Amma daga ranar da aka sallama wa mai saye na farko zuwa ranar da kuɗi suka shiga hannu sai da aka kusa cinye shekara, kuma duk wannan wahala a kan titin ƙofar gida aka sha ta.

Ga yadda titin yake. An zuba masa shimfiɗar kwalta ta ƙasa, mai manyan tsakuwa, an bar ta sama. Saboda haka duk murafen ƙarfe na ramukan magudanar ruwa sun yi tsiri, an ɗan tara musu kwalta a gefe don kada su fasa taya. Bakin kwatar da ya kamata ya zuƙe ruwan sama ya fi titin tudu, sai ruwan ya kewaye shi ya je ya kwanta a kwana, in hunturu ya zo ya daskare. Mai tura keken jariri sai ta ɗaga ƙafafun gaba kafin ta hau dakalin masu tafiya a ƙafa. Fitilun titi wasu na ci, wasu an kafa turakun ba a ja musu wuta ba. Kamfanonin gini suna da hujjar barin titi haka, kuma hujja ce mai ma'ana: muddin manyan motoci na shiga da bulo da siminti zuwa ɓangaren da ake kan ginawa, shimfiɗar sama lalacewa za ta yi, gara a bar ta sai an gama. Sai dai a babban rukuni mai ɗaruruwan gidaje gamawar na iya ɗaukar shekaru masu yawa, su kuwa mutanen da suka fara tarewa ana haihuwa, ana canjin wurin aiki, ana rabuwar aure, babu abin da ke jiran kwalta.

Wanda ya saba da sabuwar unguwa a Kano ko Kaduna zai ce mene ne abin tayar da hankali a nan, mu da muke tarewa a kan titin ƙasa, mu yi karo-karo a zuba marmara kafin damina? Bambancin shi ne a Ingila mafi yawan masu sayen irin wannan gida da kuɗin banki suke saye, bankin kuwa ba ruwansa da kyan titi. Tambayarsa ɗaya ce: wa doka ta ɗora wa gyaran wannan hanya, kuma in ya gaza, aljihun wa za a taɓa?

Abin da doka ta tanada

A Ingila titi ba ya zama na gwamnati don kawai jama'a na bin sa. Sai hukumar hanyoyi ta yankin, wadda a wurare da yawa majalisar lardi ce, ta karɓe shi a rubuce, sannan gyaransa ke komawa kan asusun jama'a. Hanyar da aka saba bi tana cikin sashe na 38 na Dokar Hanyoyi ta 1980. Kamfanin gini da hukuma su sa hannu a kan yarjejeniya, kamfani ya yi alkawarin gina titin bisa ma'aunin hukuma, ya kuma kawo lamuni daga banki ko kamfanin inshora wanda zai biya kuɗin ƙarasa aikin idan shi ya karye ko ya watsar. In an gama, jami'an hukuma su duba, a ba da takardar wucin gadi, kamfani ya ci gaba da kula da titin galibi tsawon wata 12, sannan a ba da takardar ƙarshe. Bututun ruwan datti da na ruwan sama da ke binne a ƙarƙashin titin suna da tasu yarjejeniyar daban da kamfanin ruwa, a ƙarƙashin sashe na 104 na Dokar Harkar Ruwa ta 1991, kuma hukumomi da yawa ba sa karɓar titi sai an warware batun abin da ke ƙarƙashinsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne wannan yarjejeniya ta ganin dama ce. Sashen bai tilasta wa kamfani ya miƙa titi ba, bai kuma tilasta wa hukuma ta karɓa ba. Yankin Wales ya wajabta yarjejeniyar magudanan ruwan datti tun 2012, Ingila ba ta bi sahu ba. Sannan sashe na 205 na Dokar Hanyoyin ya ba hukuma ikon ta gyara titin da ba nata ba, ta raba kuɗin a kan gidajen da ke bakinsa. Ba kasafai ake amfani da wannan iko ba, amma yana nan, kuma bashin gidan yake bi, duk wanda ke ciki. Wannan ne abin da bankuna ke tsoro. Kundin ƙa'idojin da UK Finance, ƙungiyar bankunan Birtaniya, ke fitar wa lauyoyin da ke wakiltar bankuna ya ce idan titi ko magudanar da gida ke amfani da su ba a hannun hukuma suke ba, dole a sami yarjejeniya da lamuni, in babu kuwa lauya ya sanar da banki. Daga nan kowane banki da irin hukuncinsa. Bankunan da ke ba da tsarin musharaka marar kuɗin ruwa, wanda da yawa daga cikinmu ke nema, su ma haka suke tambaya, tunda suna da kaso a cikin gidan.

Mai saye na farko

Wasu matasa ma'aurata ne, gidansu na farko. Sun zo sun gani, sun taka titin da ƙafarsu, ba su damu ba, suka taya aka sallama. Lauyansu ya tura wa ƙaramar hukuma takardar bincike da ake kira CON29, wadda a cikin tambayoyinta akwai ta matsayin hanyoyin da ke kewaye da gida. Amsa ta dawo cewa babban titin da ya ratsa rukunin yana da yarjejeniyar sashe na 38 da lamuninta, amma ƙaramin titin da gidan yake kai ba na hukuma ba ne, kuma babu wata yarjejeniya a kansa.

Maigidan ya yi mamaki ƙwarai, domin yana tuna matar da ta sayar musu da gidan a ofishin kamfani ta ce hukuma za ta karɓi tituna da zarar an kammala. Ya ɗauko fayil ɗinsa. Lauyan da ya yi masa aiki a wancan lokaci daga jerin sunayen da kamfanin ya ba shi ya fito, har da tayin za a biya masa wani ɓangare na kuɗin lauya in ya zaɓi ɗaya daga cikinsu. A cikin rahoton lauyan akwai layi ɗaya da ke cewa ana kan shirya yarjejeniyar, kuma kamfanin ya ɗauki alkawari a takardar mallaka cewa zai ƙarasa titin. Ba a yi masa ƙarya ba. Amma mutumin da ke sayen gidansa na farko a ƙasar da ba a nan ya tashi ba, ina zai san cewa "ana kan shiryawa" na iya zama haka har shekara huɗu? Aikin lauyansa ne ya zaunar da shi ya fassara masa wannan layi, kuma a ganina lauyan da kamfani ke turo wa ciniki a kai a kai yana da dalilin da zai sa ya ƙi tsananta tambaya. Lauyan masu saye na yanzu kuwa cewa ya yi alkawarin kamfani ba tare da lamuni ba bai wadatar da bankinsu ba.

Aka tura wa kamfanin tambayoyi. Sashen kula da abokan ciniki ya ce batun na injiniyoyi ne, injiniyoyi suka ce yana wurin lauyoyinsu. Makonni suka yi ta shuɗewa. Tayin bashin da banki ke bai wa mai saye yana da wa'adi, galibi wata shida, ga kuma hayar gidan da matasan ke ciki ta kusa ƙarewa. Wata safiya dillali ya bugo ya ce sun janye. A Ingila kafin a yi musayar takardun yarjejeniya kowa na iya fasawa ba tare da ya biya ko sisi ba, kuma ciniki a can sarƙa ne, kowa na jiran kuɗin na bayansa ya biya na gabansa. Gidan da iyalin suka riga suka taya a arewa ya suɓuce, kuɗin lauya da na mai duba gini da suka kashe a kansa suka bi ruwa. Maigidan ya kama ɗaki a sabon garin, yana dawowa ƙarshen mako, uwargidan na fama da aikin dare da kai yara makaranta ita kaɗai. Ta ce masa, "Baban yara, don Allah mu karya kuɗin mu huta." Shi kuma ya ga cewa ko an karya, duk wanda zai zo da kuɗin banki a wannan gaɓar zai tsaya.

Abin da tono ya fito da shi

Sai ya daina jiran kamfani, ya rubuta wa sashen karɓar tituna na majalisar lardi da kansa. Wannan abu ne da kowa zai iya yi, har ma sashe na 36 na Dokar Hanyoyin ya wajabta wa hukuma ta ajiye jerin titunan da take gyarawa, mai so ya duba kyauta. Wani jami'i ya amsa masa filla-filla. An amince da zanen titin tun da daɗewa. Abin da ya hana sa hannu shi ne ja-in-ja kan kuɗin da hukuma ke nema kamfani ya biya a dunƙule don kula da abubuwan da suka fi titin yau da kullum tsadar gyara, irin su bishiyoyin gefen hanya da daɓen tubali na ado. Ga shi kuma kamfanin ruwa bai amince da bututun ba tukuna. Wato kamfani na ƙin biya, hukumar da kasafinta ya ƙuntata na ƙin ɗaukar kaya, mazauna na tsakiya ba a ko sanar da su ana wannan takaddama ba.

Ana wata ga wata. Da sabon lauyansa ya baje taswirar da ke manne da takardar mallakar gidan, sai ga wani ɗan yanki an shafa masa launi dabam: guntun hanyar da ta tashi daga ƙaramin titin zuwa ƙofar gidaje biyar, har da nasu. Wannan ba a taɓa nufin hukuma ta karɓe shi ba. Hukumomi da yawa ba sa karɓar hanyar da gidaje biyar ko ƙasa da haka ke amfani da ita, sai a bar ta a hannun masu gidajen, kowa da kasonsa na gyara. Ke nan tsakanin babban titin gari da ƙofar falonsu akwai ƙasa iri uku: wadda ke da lamuni, wadda ke rataye, da wadda tasu ce har abada. Shekara huɗu suna bi ta kai ba su sani ba. Wannan na ukun bai hana ciniki ba, domin haƙƙin wucewa da rabon kuɗin gyara duk a rubuce suke, amma dole a faɗa wa mai saye.

Sai batun kamfanin kula da unguwa. Gidan mallaka ce ta dindindin, amma duk shekara suna biyan wani kamfani kuɗin yankan ciyawa, filin wasan yara da tafkin tara ruwan sama, ban da cikakken harajin gida da suke biyan ƙaramar hukuma kamar kowa. Ba su kaɗai ba ne. Hukumar kula da gasa a kasuwanni ta Birtaniya, CMA, a rahoton da ta fitar a Fabrairun 2024 ta gano cewa kashi 80 cikin 100 na sababbin gidajen da manyan kamfanonin gini 11 suka sayar a 2021 zuwa 2022 suna ɗauke da irin wannan kuɗi, matsakaicinsa fam 350 a shekara, kuma gyaran gaggawa na iya kaiwa dubbai. Ta ba da shawarar a wajabta wa hukumomi karɓar tituna da sauran kayan amfanin jama'a a duk sabon rukuni. Ina tare da wannan shawara ɗari bisa ɗari, domin ban ga adalci a ce mutum ya biya haraji cikakke sannan ya sake biyan wani kamfani da bai zaɓa ba, ba ya kuma iya korar sa. Dokar gyaran mallakar gidaje ta 2024, wadda ta sami amincewar Sarki a 24 ga Mayu, ta ba irin waɗannan masu gidaje damar ƙalubalantar kuɗin a gaban kotun musamman, amma sassan da suka shafi haka suna jiran ƙarin ƙa'idoji, kuma a lokacin wannan ciniki ba su fara aiki ba.

A nan ma akwai ƙaya. An ɗaura kuɗin kula da unguwar ne a wuyan takardar gidan ta hanyar da sashe na 121 na Dokar Kadarori ta 1925 ya shafa, wanda ya ba mai bin kuɗin ikon shiga gidan ko sa shi a haya ga wasu amintattu idan aka yi kwana 40 ba a biya ba. Bankuna da yawa ba sa yarda da wannan sai an yi takardar gyara da ta cire ikon ko ta wajabta a sanar da su tukuna. Kamfanin kula da unguwar ya yarda, da kuɗinsa. Haka ya karɓi kuɗi kafin ya cike takardar bayanai ta FME1, wadda ke bayyana wa mai saye kuɗaɗen unguwar, ya kuma sake karɓa kafin ya ba da shaidar da ofishin rajistar filaye ke buƙata don sauya sunan mai gida.

Zaɓin da ke gabansu

Suna iya jira, amma babu wanda zai ce ga ranar. Suna iya sayar wa masu sayen gida da tsabar kuɗi cikin gaggawa, waɗanda tayinsu ya yi ƙasa ƙwarai. Akwai inshorar da ake saye sau ɗaya don kare mai gida da banki idan aka zo musu da takardar biyan kuɗin titi, sai dai ba ta zuba kwalta, kuma ba kowane banki ke karɓar ta ba.

Akwai kuma shawarar da wani dattijo ya ba shi bayan sallar Juma'a: "Malam, kai ma ka cika tone-tone. Ka sayar kawai, mai saye ai yana da ido." Dattijon tausayi ne ya sa shi faɗar haka, amma shawarar ba ta da mafita. Mai sayarwa yana cike takardar TA6 da hannunsa, inda ake tambayar sa takaddama, sanarwa da kuɗaɗen da ke kan gidan, kuma in ya faɗi abin da ba haka ba ana iya maka shi a kotu a ƙarƙashin dokar 1967 ta ba da bayanin ƙarya a ciniki. Ko ya yi shiru, binciken CON29 zai tona, sai dai ya tona bayan an ɓata wata biyu. Ban da wannan, mu da aka karantar da mu cewa mai saye da mai sayarwa in sun yi gaskiya sun bayyana aibu ana sa musu albarka a cinikinsu, bai kamata sai dokar Ingila ta tuna mana ba. Maigidan ya gode wa dattijon, bai bi shawarar ba.

Abin da ya yi shi ne ya sa wasiƙar jami'in a zauren WhatsApp na unguwar. Sai ga shi wasu maƙwabta biyu su ma cinikinsu ya taɓa rushewa a kan wannan titi, kowa ya haɗiye abinsa yana zaton matsalarsa ce shi kaɗai. Suka rubuta takarda ɗaya da sa hannun gidaje da dama, suka kai wa kansilansu na lardi da ɗan majalisar dokoki mai wakiltar mazaɓar, ɗan majalisar kuma ya rubuta wa shugabannin kamfanin ginin. Bayan 'yan watanni aka sa hannu a kan yarjejeniyar sashe na 38, lamuni ya shiga. Zan so in ce ƙarfin jama'a ne kaɗai ya yi aiki, amma akwai wani dalili da nake ganin ya fi nauyi: ɓangaren ƙarshe na rukunin ta wannan ƙaramin titi ake shiga, kuma lauyoyin sababbin masu saye sun fara yi wa kamfanin irin tambayar da ya ƙi amsa wa tsofaffin.

Mai saye na biyu

Wannan karon maigidan ya haɗa fayil tun kafin a sake tallar gidan: kwafin yarjejeniyar da shaidar lamuni, wasiƙar jami'in hanyoyi, taswira mai nuna guntun hanyar gidaje biyar, lissafin kamfanin kula da unguwa na shekarun baya, da takardar gyaran sashe na 121. Ya ce wa dillali duk wanda ya zo kallo a ba shi kafin ya taya. Wasu sun karanta ba su dawo ba, kuma gara haka da su dawo su fasa a wata na uku. Wadda ta saya malamar makaranta ce, ta kai fayil ɗin wurin mai ba ta shawara kan bashin gida tun ranar farko, shi kuma ya nema mata bankin da ƙa'idarsa ta yarda da titi mai lamuni ko da ba a ƙarasa shi ba. Farashin ya ɗan sauka ƙasa da na farko.

Abu ɗaya ya rage, bututun ruwan datti da har lokacin kamfanin ruwa bai karɓa ba. Lauyanta ya nemi a riƙe wasu 'yan dubban fam daga kuɗin gidan a asusun lauya har sai an warware. Daftarin farko bai faɗi ranar ƙarewar riƙon ba, bai kuma faɗi wace takarda ce za ta sa a saki kuɗin ba, abin da ke sa irin waɗannan kuɗi su yi shekaru a rataye ana musayar wasiƙu. Lauyan iyalin ya dage sai da aka rubuta duka biyun: a saki kuɗin ga mai sayarwa da zarar an nuna shaidar kamfanin ruwa ya karɓi bututun, a cikin wa'adin shekara uku. Aka yi musayar takardu, aka miƙa makulli, murafen ƙarfen nan suna nan a tsiri kamar yadda suke. Idan wa'adin ya cika babu shaidar, kuɗin na malamar ne, kuma maigidan bai sa su a lissafin gidan da suka saya a arewa ba.